Me ya sa layin Ethernet na kamfanin sadarwa ya fi faibar gida tsada haka?

Sadiƙ, Makka: Assalamu alaikum. Manyanmu a taimaka min da haske. Masu otal ɗin da nake yi wa aiki suna da reshe a nan Aziziyya da wani a Madina, suna so a haɗa su ta yadda kwamfutocin karɓar baƙi za su zama kamar a gini ɗaya suke. Mun nemi farashi, aka kawo mana na layin Ethernet mai mega 100. Da mudir, wato manajanmu, ya ga kuɗin sai ya ce in gaya masa dalilin da ya sa faibar gidansa, wadda ta fi wannan gudu, ba ta kama ƙafarsa a tsada ba. Ni dai abin da na sani, Ethernet ita ce kebul ɗin da muke ja daga suwic zuwa ɗakuna, wanda ba ya wuce mita 100. Ina ruwanta da tafiyar kilomita 400 da wani abu?

Nura, Makka: Wa alaikumus salam. Ka ce wa mudir, faibar gida in ta mutu daren Alhamis sai ya buɗe balagi, wato ya kai ƙorafi, ya yi ta jira. Wannan kuwa kafin ya san ta mutu an riga an tashe mu masu gyaran layin kamfani daga barci. Kuɗin barcinmu yake biya.

Baba Bala, Jidda: Ɗana Sadiƙ, kebul ɗin tagulla ne ba ya wuce mita 100. Ita Ethernet tsari ce na yadda ake ƙunshe bayani, a rubuta adireshin mai aikawa da na mai karɓa a kansa. Ƙunshin nan in ka ɗora shi a kan faiba zai je duk inda ka ce. Haske a cikin faiba yana cin kusan kilomita 200 a milisakan ɗaya, ka ga Makka zuwa Madina bai kai milisakan 3 ba. Nisa bai taɓa zama matsalarta ba, halinta ne matsala.

A 1973 aka ƙirƙiro ta a cibiyar binciken kamfanin Xerox da ke Amurka, Robert Metcalfe da David Boggs, don kwamfutocin ma'aikata ɗaya su yi magana da juna da injin buga takarda. Kowa ya san kowa, ba mai biyan wani, in ta tsaya a leƙa ofishin mai gyara. Kamfanin sadarwa kuwa baƙi yake ɗauka. Banki da asibiti da otal ɗinku da otal ɗin da kuke gasa da shi, duk a kan zare ɗaya, kuma kowannensu an sa masa hannu a takarda cewa ba za a ga sirrinsa ba, ba za a ci rabonsa ba, in layi ya yanke za a dawo da shi cikin lokaci kaza ko a rage masa kuɗi. Ba ko ɗaya daga cikin waɗannan da Ethernet ta zo da shi daga gida.

Mu da muka yi zamanin SDH, tsohon tsarin da kamfanonin sadarwa ke ɗaukar kiran waya da shi a kan faiba, ba mu san wannan wahalar ba. Layin E1 mega 2 ne da 'yan kai, babban layin STM-1 yana ɗaukar guda 63, kowa da gurbinsa, ko yana amfani da shi ko yana barci ba mai taɓawa. Firam, wato ƙunshin bayani, guda 8,000 a kowace daƙiƙa, ba ƙari ba ragi. Faiba ta yanke, cikin milisakan 50 an koma ɗaya hanyar, mai magana a waya bai ma ji ba. Da tsohuwar zuma ake magani.

Hauwa, Riyad: Allah ya ƙara girma Baba, amma ka faɗi daɗinta ka bar kuɗinta. Wannan gurbin da ba mai taɓawa shi ne ya kashe ta. Murya tana tafiya daidai wa daida, bayanan kwamfuta kuwa sukan zo da yawa lokaci guda sannan su yi tsit, kamfani yana riƙe da gurbin da babu kowa a ciki. Ga matakan ba sa daidaita. Kafin a fito da dabarar harhaɗa ƙananan gurabe, in kana so ka ɗauki Ethernet mai giga 1 a kan SDH sai ka ba ta STM-16 sukutum, mai giga 2.5, fiye da rabi ya tafi a banza. A ɗaya ɓangaren Ethernet tana ninka gudunta sau goma-goma: mega 100 a 1995, giga 1 a 1998, giga 10 a 2002, giga 100 a 2010. Kuma da yake kowace kwamfuta a duniya da kafarta take zuwa, kayanta sun yi araha ƙwarai. Kwastoma ma ya fi son a miƙo masa kebul ɗin da ya saba. Sai kamfanoni suka ga gara su ɗauki mai arahar su koya mata tarbiyya. Abin da ya sa aka kafa MEF, ƙungiyar kamfanonin sadarwa da masu ƙera kayansu, ke nan a 2001, don a daidaita sunayen hidimomin da ma'auninsu. Abin da aka kawo wa Sadiƙ, tsakanin wuri biyu, shi suke kira E-Line. In rassa da yawa ne kowa na magana da kowa, E-LAN.

Baba Bala, Jidda: Araha ba ta ado, 'yata. Shekaru nawa aka yi ana yi mata faci kafin ta yi abin da SDH take yi tun ranar farko?

Malam Tijjani, Madina: Ni ɗalibi ne, ba fagena ba ne, amma ina bi. Tambayata ta jahili: tunda zare ɗaya ne, me zai hana sunayen baƙin otal ɗin su Sadiƙ su faɗa kwamfutar maƙwabcinsu?

Hauwa, Riyad: Malam, tambayarka ita ce facin farko da Baba yake magana. A 1998 aka fito da ƙa'idar 802.1Q, wato a liƙa wa kowane ƙunshi lamba, masu lamba ɗaya ne kaɗai suke jin juna. Shi ne VLAN. An yi shi ne don a raba sashen kuɗi da sashen ma'aikata a gini ɗaya, don haka gurbin lambar bit 12 ne kacal, masu amfani 4,094. A ofis sun yi yawa, a birni kamar Jidda ba su isa ko'ina ba. Abin da ya fi wannan ciwo, kwastomomi suna da nasu lambobin tuntuni. Sadiƙ, in tambaye ka, VLAN ɗin karɓar baƙi lamba nawa ne a wurinku?

Sadiƙ, Makka: 10 ne Yaya Hauwa. Kyamarori 20, wayoyi 30.

Hauwa, Riyad: To ka leƙa otal-otal ɗin layinku, da wuya ka rasa wasu masu 10 da 20 da 30. Kamfani ba zai bi kowa ya ce ya sake lamba ba. Sai a 2005 aka kawo 802.1ad, muna ce masa QinQ: kamfani ya liƙa tasa lambar a saman taka a bakin shiga, ya yi ta tafiya da ita ba tare da ya duba ta ciki ba, a bakin fita ya cire ya miƙa maka kayanka yadda ka ba shi.

Malam Tijjani, Madina: Kamar jakar alhaji ke nan. Da sunansa da lambar jiharsa a jiki, amma masu jirgi nasu tambarin suke ɗaurawa a hannun jakar, shi kaɗai suke karantawa har Kano.

Abdulmumini Maiwurno, Jidda: Malam ya gane. Sai dai QinQ bai gama maganin ba. Lambar waje ita ma 4,094 ce. Sannan na'urorin kamfani na tsakiya dole su haddace adireshin MAC, wato adireshin Ethernet, na kowace na'urar kwastoma, kowace waya da kyamara da firinta, teburinsu ya cika. Shi ya sa a 2008 aka yi 802.1ah, a sa firam ɗin kwastoma gaba ɗaya cikin wani sabon firam mai adireshin kamfani, da lambar hidima mai bit 24, sama da miliyan 16.

Amma ni ina da ja a kan maganar gaba ɗaya. Ana ta cewa Ethernet ta ci yaƙi. A bakin ƙofa ta ci. Shiga ciki ka gani, a yawancin manyan kamfanoni MPLS, tsarin tura bayani ta hanyar liƙa masa lakabi, shi ne yake ɗauke da ita. Firam ɗin Sadiƙ zai shiga rawuta a Makka, a sa masa lakabi biyu, ya bi ta inda rawutoci suka ga dama, a Madina a cire. An gwada a yi abin da Ethernet zalla, kamfanin Nortel ya tsaya kai da fata a kan wani tsari mai suna PBT, kamfanin sadarwa na BT na Ingila ya ɗauka a 2007, ba a jima ba ya karkata ga MPLS. Nortel ya durƙushe a 2009, Ciena ya sayi wannan sashen nasa a 2010. Daga nan VPLS, yanzu EVPN, duk hanyoyin ɗaukar Ethernet a kan MPLS. To wace Ethernet ce ta ci?

Hauwa, Riyad: Wadda rawutocin naka suke magana da juna da ita, Yaya. Kafar giga 100 da ke tsakanin rawutar Makka da ta Jidda mece ce? Ethernet a ƙasa, MPLS a tsakiya, Ethernet a sama. Abin da aka yar shi ne yadda take nemo hanya da kanta, kuma wannan ya cancanci a yar.

Abdulmumini Maiwurno, Jidda: In ka cire wa abu yadda yake nemo hanya, ka cire masa yadda yake koyon adireshi, saura me? Siffar firam da sunan.

Hauwa, Riyad: Da arahar kayan. Ita ce dai aka zo nema tun farko.

Nura, Makka: Ku bari in ba ku labarin nemo hanyar nan, don na gan ta da idona. Goman ƙarshe na Ramadan aka kira mu wani dogon gini kusa da Harami, wai shabaka, wato sadarwar kwamfutocin ginin, ta mutu gaba ɗaya, lif na aiki amma katin buɗe ɗaki ba ya fita, baƙi sun cika falo da jakunkuna. Muka shiga ɗakin na'urori. Ka san yadda fitilun suwic suke ƙiftawa kowace da lokacinta? To waɗannan duk tare suke, kore shar, ba ƙiftawa ma, kamar an manna su. Muka fara zare kebul hawa-hawa, muna zare na wani hawa sai komai ya lafa. Muka hau. A bayan teburin wani ofis ga ƙaramin suwic na kasuwa mai kafa takwas, wani mai shara ya ga kebul yana reto, ya tausaya masa ya soke shi a kafar da ke kusa. Ashe ɗaya bakin ma a jikin suwic ɗin yake.

Firam ɗin Ethernet ba shi da abin ƙirga tsalle irin na IP da zai sa ya mutu in ya yi ta yawo. In ya sami da'ira zai yi ta zagayawa yana haihuwa har sai an zare wani abu. Yanzu ku ɗauka wannan a shabakar gari guda.

Sadiƙ, Makka: Ba don wannan aka yi STP, tsarin da ke toshe da'ira a suwic, ba, Muhandis?

Nura, Makka: Don shi aka yi, in an kunna shi kuma ƙaramin suwic ɗin bai haɗiye saƙonninsa ba.

Hauwa, Riyad: Kuma ko yana aiki, asalin STP ɗin da Radia Perlman ta tsara a 1985 yana ɗaukar daƙiƙa 30 zuwa 50 kafin ya buɗe sabuwar hanya. RSTP da ya gaje shi a 2001 ya rage sosai, amma ba wanda zai sa hannu a kan milisakan 50 da shi. Kamfanonin sadarwa faibarsu zobe-zobe take, wato da'irar da Ethernet ta fi tsoro ita ce ginin nasu. Sai hukumar sadarwa ta duniya, ITU, ta fito da ƙa'idar G.8032 a 2008. A zoben ana toshe gaɓa ɗaya da gangan, kowa ya san wace ce. Maƙwabta suna aika wa juna ɗan saƙon "ina nan" duk milisakan 3.3, in uku suka wuce ba a ji ba an san an yanke, a sanar da zobe, a buɗe gaɓar da aka toshe. In zoben bai kai kilomita 1,200 ba kuma na'urorinsa ba su kai 16 ba, ana gamawa ƙasa da milisakan 50. Baba, ga lambarka an dawo maka da ita.

Baba Bala, Jidda: An kwafe ta dai. Har saƙon "ina nan" ɗin, mu a cikin kan firam yake tun asali, ba sai an ƙirƙiro ƙa'idojin sa ido na 802.1ag da Y.1731 an ɗora daga baya ba. Amma na yarda yana aiki, na ga an zare faiba ana cikin kiran bidiyo bai motsa ba. Abin da nake gaya wa yara kullum, zoben da ke kan allo daban, na cikin ƙasa daban. In hagu da dama duka a rami ɗaya aka binne su, ranar da mai katafila ya zo gyaran bututun ruwa, ba G ɗin da zai cece ka.

Abdulmumini Maiwurno, Jidda: Wannan gaskiya ne Baba, mu mun gani a gida. A Fabrairun 2024 sadarwa ta ɗauke a kusan duk Sudan saboda yaƙi, mutane suka kasa ko karɓar kuɗi ta manhajar banki ta Bankak. Kebul ɗin teku da ya haɗa Bur Sudan da Jidda yana nan, amma manyan cibiyoyin da komai yake komawa gare su a Khartum suke. Sai da aka tayar da wasu a Bur Sudan sannan layuka suka fara dawowa. Muna nan muna kiran 'yan uwa a Sinnar da Gadarif ba ya shiga. Allah ya kawo ƙarshen abin.

Malam Tijjani, Madina: Amin ya Rabbi. Allah ya zaunar da Sudan lafiya.

Sadiƙ, Makka: Amin. To in za mu karɓa, me zan duba a takardar?

Hauwa, Riyad: Mega 100 ɗin nan, nawa ne CIR, wato wanda aka lamunce maka ko hanya ta cushe, nawa ne EIR, wanda za a ba ka in da sarari a zubar in babu. Faibar gidan mudir GPON ce, giga 2.5 ake raba wa gidaje 32 ko 64, kuma "har zuwa" aka rubuta masa. Ka duba jinkiri da rawar jinkiri da asarar ƙunshi, a rubuta su da lamba. Ka tambayi girman firam: kowace lamba tana ƙara bayit 4, 1518 ya zama 1522, da ta kamfani 1526, in wata na'ura a hanya ba ta ɗauka za ka ga ƙananan saƙonni suna wucewa manya suna maƙalewa, ka yi ta zargin sabarka. Ranar miƙa layi kar ka sa hannu sai an yi gwajin Y.1564 a gabanka an ba ka sakamakon.

Abdulmumini Maiwurno, Jidda: Ni kuma ƙanena, shawarata ka sake tambayar kanka ko kuna bukatarsa. In manhajar otal ɗin ta burauza ake shiga, intanet na kasuwanci daga kamfani biyu daban da VPN, wato rufaffiyar hanya a cikin intanet, a kai ya ishe ku, da sauƙin kuɗi. In kuma kun karɓa, kar ka haɗa suwic da suwic kai tsaye don mudir ya ce "kamar gini ɗaya". Sa rawuta a kowane baki. In ba haka ba mai sharar Nura zai soke kebul a Makka, Madina ta mutu.

Hauwa, Riyad: Rawuta a kowane baki na yarda ɗari bisa ɗari. VPN a lokacin Hajji kuma, ni ba zan ɗora wayoyin otal a kai ba.

Baba Bala, Jidda: Tunda an ambaci Hajji, ga wadda ba ku taɓo ba, kuma ita ce ta fi ba su wuya: agogo. E1 da yake zuwa turken salula ba murya kaɗai yake kawowa ba, bugunsa shi ne agogon turken. Ethernet kowace na'ura da nata agogon, an yarda ya kauce har kashi 100 cikin miliyan. Rediyon turke kuwa kashi 50 cikin biliyan aka yarda masa. Da aka cire E1 aka sa Ethernet sai aka ga an cire wa turke bugun zuciya.

Hauwa, Riyad: Shi ma an biya bashin, Baba. SyncE yana ɗauko bugun daga kan layin kamar yadda SDH take yi. Sai dai 5G da aka fara a nan a 2019 ya zo da bukatar da ko SDH ba ta biya ba. A zangon rediyo na gigahaz 3.5 turke da waya tasha ɗaya suke amfani da ita, suna karɓa-karɓa: yanzu turke ya yi magana, yanzu ya saurara. Dole duk turakun yanki su yi shiru tare, kuskuren kada ya wuce mikrosakan 1.5. Ka ɗauki ranar Arfa, mutum sama da miliyan 1.8 a Hajjin 2023, a fili ɗaya, turaku kusa da kusa har da na kan mota, kowa yana ɗaga waya yana nuna wa 'yan gida Jabalur Rahma. In turke ɗaya ya kauce, yana ihu ne daidai lokacin da maƙwabtansa suke kasa kunne ga wayoyin alhazai. Bugun daidai bai isa ba, sai an san ƙarfe nawa ne. Wannan aikin IEEE 1588 ne na 2008, PTP, mai buga hatimin lokaci a kan ƙunshi.

Nura, Makka: Mu dai a burji, wato turke, GPS muke ɗaurawa don ya ba da lokaci, khalas.

Hauwa, Riyad: Har ranar da aka toshe siginarsa ko eriyar ta ƙone da rana. Shi ya sa ake son biyun. Kuma PTP yana da rauni ɗaya da yake hannunku ku masu siyana, wato gyaran layi. Yana ɗauka cewa zuwa da dawowa tsawonsu ɗaya ne, sai ya raba biyu. Kowace mita ta faiba nanosakan 5 ce. In zaren zuwa ya fi na dawowa da mita 100, bambancin nanosakan 500 ne, agogo ya kauce da 250 kuma ba ƙararrawar da za ta buga.

Nura, Makka: Ya'ni in an yanke muka juya zare ɗaya ta wani kebul don a dawo da sabis da wuri, ɗayan muka bar shi a tsohuwar hanya?

Hauwa, Riyad: Shi fa. Bambancin mita 600 ya cinye 1.5 ɗin gaba ɗaya, kuma fitilu duk kore, gwajin gudu lafiya lau, sai dai masu rediyo su yi ta ƙorafin katsalandan a turakun da ba su da laifi. In kun juya, ku juya biyun tare, ku auna kowanne da na'urar auna faiba ta OTDR ku rubuta tsawon a rahoto don a saka gyaran a na'ura. Inda aka samu hali a sa SFP, ɗan abin da ake soke faiba a cikinsa, mai zuwa da dawowa a kan zare ɗaya.

Nura, Makka: A fom ɗin da muke cikewa gurbin asarar haske kaɗai ke akwai, babu na tsawo. Yaya, turo min yadda kuke so a rubuta shi, in kai wa mushrif, mai duba aikinmu, ranar Lahadi.